Kawu Nidal Ya Zaɓa wa Rahaf Jami'a

Tun ranar da Nidal ya dawo daga Jamus, ƙauyen nan namu na gefen Irbid bai sake samun sakat ba. Shekaru ya kwashe a can, ya dawo da akwati ɗaya, da wata baƙar rigar fata da ba ya cirewa ko rana tana narkar da kwalta, sai kuma baki. Bakin nan shi ne babbar tsarabar. In ka ce masa ruwan famfo ya ɗauke, zai ce a Jamus ministan ruwa da tuni ya ajiye aiki. In ka miƙa masa shayi, sai ya ɗaga kofin ya duba shi a haske ya girgiza kai. Zama wuri ɗaya kuwa ba ya iyawa: daga shagon Zuhair mai kayan yaji zuwa ƙofar masallaci, daga can zuwa gidan yayarsa Intisar, inda yake cin abincin rana da na dare kamar da shi aka yi cefane.

Abin da ya yi a Jamus, shi dai ya ce harkar sufuri ce. Gaskiya ne kuma, don shawarma yake kai wa mutane a kan keke, da akwati a goye.

Ranar da sakamakon jarrabawar gama sakandare ya fito, Rahaf 'yar Intisar ta ci da maki mai yawa. Motoci suka yi ta hon a layi, aka shigo da farantan kunafa, kayan zaƙin da ba a biki sai da shi, mata suka cika tsakar gida da guɗa. Ana cikin haka mahaifinta, Abu Basil, mutum mai kauri da ƙarancin magana, ya ce da ita a gaban jama'a, "To 'yata, likita ko haɗa magunguna?"

Rahaf ta ce, "Baba, ilimin halayyar ɗan Adam nake so. A waje."

Abu Basil ya ajiye cokalinsa. "Karatun mahaukata?"

"Ba na mahaukata ba ne, Baba."

"Ki bar nan ki tafi Turai don ki koyi sauraron mutanen da ke magana su kaɗai? Ga kawunki nan, ki saurare shi kyauta."

Aka tuntsire da dariya. Nidal bai ji zafin maganar ba, shi abin da ya ji kawai an ambaci Turai. Ya miƙe da kunafa a hannu. "Ku tsaya, ku tsaya! Abu Basil, ka bar mini wannan. Wa ya san jami'o'in Turai a garin nan in ba ni ba? Ni da kullum sai na shiga jami'a, wata rana ma har sau uku! Masu gadi suna hango ni suke buɗe ƙofa. Manyan malamai da fararen riguna su suke saukowa da gudu su tarye ni."

Wannan ma gaskiya ne. Yunwa ce ke sauko da su.

Rahaf ta ce a hankali, "Kawu, ai na riga na zaɓa. Tana ƙasar Holan. Da Turanci ake koyarwa, ma'aikatar ilimi ta nan ta yarda da takardar shaidarsu, in na dawo zan iya aiki. Suna tura ɗalibai asibiti koyon aiki, akwai gidan kwana na mata zalla. Wakiliyarsu za ta zo baje-kolin jami'o'i a Amman, har ta ba ni lokacin ganawa a kan tallafin karatu."

Nidal ya dube ta da tausayi. "Ginin yana da ginshiƙai?"

"Ginshiƙai kuma?"

"A gaba. Manya, farare."

"Ban duba ba, Kawu."

"Kun ji ko! Ba ta duba ba! Yarinya, jami'ar da ba ta da ginshiƙai makarantar koyon tuƙi ce. Wadda zan kai ki, tun daga bakin ƙofa za ki ji wani irin wari mai ƙarfi, warin ilimi. Fili kore shar iya ganinki. Ɗalibai kowa da dogon takalmin roba har gwiwa."

Intisar ta ce, "Takalmin roba na mene ne a aji?"

"Na ƙanƙara, Yaya. Ke me kika sani game da ƙanƙara?"

Rahaf ta ce, "Suna koyar da halayyar ɗan Adam?"

"Babu abin da ba sa koyarwa. Ni kaina a can na tsinci nawa. In na kalli mutum sau ɗaya, na karance shi kamar allon bakin titi."

Abu Basil dai ya ce bai yi alkawarin komai ba, zai duba. Wannan "zan duba" ita ce duk abin da Rahaf ta mallaka, kuma Nidal ya ɗaura aniyar mayar da ita "na yarda" ta hanyar nuna wa garin amfanin ilimin.

Da Nawal matar Zuhair ya fara. Ta shigo wajen Intisar aron tukunya, ya tare ta da cewa ko ta san namiji in yana ƙarya hancinsa yake sosawa? Binciken Jamusawa ne, ba a musu. Nawal ta riƙe wannan. Shi kuwa Zuhair, bawan Allah, yini yake cikin barkono da za'atar da garin citta, hancinsa bai taɓa hutawa ba tun da ya gaji shagon. Da ya koma gida ta ce, "Daga ina?" Ya ce, "Shago," ya sosa hanci. Ta ce, "Wa ya kira ka ɗazu?" Ya ce, "Mai kawo kaya," ya sosa hanci. Ta ce, "Kana sona?" Ya yi atishawa, ya sosa da hannu biyu. Kafin la'asar tana gidan iyayenta da jaka.

Washegari Zuhair ya tare Nidal a tsakiyar layi da ludayin awo a hannu. "Kai Bajamushe! Me na yi maka?"

"Ka ga yadda ka ɗaga murya? Wannan fushin ba da ni kake yi ba, da mahaifinka kake yi tun kana yaro."

"Mahaifina ya rasu yana sa mini albarka, ɗan banza! Da kai nake, kai ɗin nan mai rigar fata!"

Sai da limami ya shiga tsakani, sai da Zuhair ya ɗauki buɗaɗɗen buhun barkono ya kai gidan surukai, ya ajiye a tsakiyar ɗaki, kowa ya yi ta sosa hanci har da kakar Nawal, sannan aka mayar masa da matarsa.

Labari ya kai kunnen Abu Basil. Ya ce wa Intisar, "Wannan shi ne karatun?"

Nidal ya ga abin yana neman suɓucewa, sai ya yanke shawarar gamawa da surukin nasa kai tsaye. Ranar Juma'a bayan an tashi daga tiren mansaf, kowa ya yi nak da shinkafa da naman rago, ya zaro carbi ya zauna gaban Abu Basil ya fara lilo da shi.

"Kalli carbin nan. Kada ka kalli komai sai shi. Jikinka yana yin sanyi. Idonka yana yin nauyi. In na ƙirga, za ka ce Rahaf ta tafi."

Abu Basil ya zuba masa ido yana sakace haƙori.

"Nauyi... idonka... yana yin... nauyi sosai..."

Carbin ya rage gudu. Ya tsaya. Kan Nidal ya gangara ya sauka a kan matashi, baki buɗe. Da ya farka rana ta yi sanyi, an lulluɓe shi da zanen tebur, kuma daga ɗaki yana jin Rahaf tana kuka. Abu Basil ya yanke: haɗa magunguna, a Irbid, ta riƙa kwana a gida.

Intisar ta fito ta same shi yana gyara rigar fata. "Nidal, ka ga abin da ka jawo? Yarinyar nan shekara biyu tana bincike, kai ka zo cikin mako ɗaya ka rushe. Don girman Allah ka cire hannunka."

"Yaya, yanzu ma na fara. Kuskurena ɗaya, na yi wa mutanen ƙauye aiki irin na Turai. Yanzu Turawa zan yi wa aiki irin na ƙauye."

Kai tsaye gidan Hajji Mifle ya nufa. Hajji Mifle shi ne dattijon zuri'arsu Abu Basil, mai garken tumaki da sandar ƙarfe, kuma shi ke jagorantar tawaga duk lokacin da za a je neman aure ko sulhu. Abin alfaharinsa a duniya guda ne: bai taɓa ajiye finjalin gahawa a gaban mai gida ya tashi bai sha ba. Duk inda ya ajiye finjali ya ce ba zai sha ba sai an biya masa buƙata, to an biya. Sai dai kwanan nan kasuwarsa ta yi sanyi, yaran zamani a waya suke gama komai, alkyabbarsa har ta fara warin akwati.

Nidal ya durƙusa ya sumbaci hannunsa. "Baba Hajji, an ce wai akwai ƙofar da gahawarka ba ta buɗewa."

Hajji ya ɗago. "Wa ya ce?"

"Mutane dai. Wai Turawa ba su san ka ba."

"Me ake nema a wajensu?"

"Gurbin karatu ga 'yarku Rahaf. Jami'a mai ginshiƙai. Suna zuwa Amman ranar Asabar. Ni zan yi tafinta, Jamusanci a bakina kamar ruwa."

Hajji ya buga sanda a ƙasa. "A fito mini da alkyabba a shanya."

Da Hajji ya ce za a je, babu mai zama. Abu Basil ya so ya noƙe, amma ba a yin tawaga don 'yarka kana gida. Ya lallashi kansa da cewa Turawa ba su san gahawa ba, za su ce a'a, magana ta mutu ba da bakinsa ba. Sauran mazan kuwa, wasu don Hajji suka fito, wasu don ganin Amman, wasu don sun ji an yi odar kunafa. Zuhair ya rufe shago ya shigo bas ɗin da sabuwar riga.

Nidal ya ce, "Kai ma ka zo taya mu?"

"Na zo ganin faɗuwarka ne, Dokta. Na ma zauna kusa da taga don kada wani abu ya wuce ni."

Rahaf da mahaifiyarta suna kujerar baya. Rahaf ta leƙo ta ce, "Kawu, don Allah, ganawata da wakiliyar Holan kafin azahar ce. In ta wuce, ta wuce."

"Manta da Holan. Ƙasar da ke ƙasa da teku, ilimi ma jiƙewa yake yi."

Intisar ta matse hannun 'yarta, ta yi mata alama da ido ta yi shiru.

Babban zauren otal ɗin cike yake da rumfuna, kowace da tutarta da hotunan matasa suna dariya a kan ciyawa. 'Yan matan Amman da iyayensu suna zagayawa da jakunkunan takarda. Sai ga mazan ƙauyenmu sun shigo a jere, jajayen rawuna, alkyabbu masu bakin zinare, Hajji a gaba yana ƙwanƙwasa sanda a kan tayil, Nidal a gefensa yana yi wa mutane alama su ba da hanya. A bakin ƙofar ne Intisar ta ja Rahaf suka saɓa hagu, babu wanda ya lura.

Nidal ya yi ta waige-waige har ya hango koren tambarin da ya saba gani a ƙofar da yake kai shawarma. "Ga ta can! Kun ga ginshiƙan a hoto? Na faɗa muku ko ban faɗa ba?"

Rumfar tana can lungu, babu kowa a gabanta. Wata doguwar Bajamushiya mai furfura da manyan hannuwa, Dokta Birgit, tana zaune tun safe tana jujjuya biro. Da ta ɗago ta ga wannan runduna ta fuskokin da rana ta gasa, hannuwa duk kanta, sai fuskarta ta washe kamar ta ga 'yan uwanta. Ta yi tsalle ta miƙe, ta jawo kujeru daga rumfunan maƙwabta, ta ruga wajen tulun gahawar otal ta dawo da tire cike da kofunan takarda.

Hajji ya karɓi nasa ya jujjuya. "Finjalinsu ke nan?"

Nidal ya ce, "Na manyan baƙi ne, Baba Hajji. Sau ɗaya ake sha a jefar, don kada wani ya sha a bayanka."

Hajji ya gyaɗa kai, abin ya yi masa. Ya sunkuya ya ajiye kofin a kan tebur, bai kai baki ba. Nan take duk mazan suka ajiye nasu. Dokta Birgit ta dubi kofunan, ta dubi mutanen, ta shinshina nata kofin ko wani abu ya faɗa ciki.

Hajji ya miƙe, ya gyara alkyabba, ya yi salati, ya fara. Ya ambaci kakanninsa da kakannin kakanninsa. Ya yabi Jamus da motocinta masu ƙarko. Ya ce sun zo da fuskokin mazan nan gaba ɗaya neman abu guda a gidan mutunci, kuma gahawar nan ba za ta taɓa leɓensa ba sai an ce an ba su. Ya juya ga Nidal. "Faɗa mata."

Nan fa ake yin ta. Jamusancin Nidal gaba ɗaya jimla uku ne, su ya ci abinci da su shekara da shekaru. Ya gyara murya, ya ɗora hannu a ƙirji, ya ce da ita cikin Jamusanci, "Abinci ya iso." Ya nuna Hajji da girmamawa. "A hawa na nawa kike?" Ya buɗe hannuwa ya haɗa da duk tawagar. "A ci lafiya."

Dokta Birgit ta ƙifta ido. Ta yi wata doguwar magana tana nuna tebur, tana nuna ƙofa, tana girgiza kai.

Hajji ya ce, "Me ta ce?"

"Ta ce sunanka ya riga ka isa Jamus."

Zuhair ya ce daga can baya, "Duk wannan surutun, abin da ta ce ke nan?"

"Jamusanci haka yake, jahili. Kalma ɗaya sai ta kai tsawon igiyar shanya."

Hajji ya ƙara wani zagayen jawabin, wannan karon har da tarihin rijiyar da kakansa ya haƙa. Nidal ya sake jera jimlolinsa uku, ya dai sauya musu tsari, ya ƙara kaɗa yatsa a kan ta tsakiyar. Kafin nan jama'a sun taru. Duk ɗan ƙasar nan ya san abin da ake nufi in ya ga dattawa a jere da gahawa a ajiye gaban mace: neman aure. Wata tsohuwa daga cikin 'yan kallo ta ɗora hannu a baki ta rangaɗa guɗa, wasu suka amsa mata daga rumfar Kanada.

Zuhair ya ce, "Dokta, ashe kai ne angon? Ta ɗan girme ka, amma za ta iya ɗaukar ka in ka yi barci."

Hajji ya buga sanda, aka yi tsit.

Ita kuwa Dokta Birgit abin da ke damunta ɗaya ne: dattijo ya yi ta magana, maƙogwaronsa ya bushe, gahawarsa tana hucewa. Sai ta ɗauki kofin da hannu biyu, ta sa masa a tafin hannu, ta gyaɗa masa kai tana murmushi.

A al'adarmu kuwa, in mai gida ya ce ka sha gahawarka, to ya ba ka abin da ka zo nema ke nan. Hajji ya dubi mazansa ɗaya bayan ɗaya, ya ɗaga kofin, ya shanye tas duk da ɗacin da ya murtuke masa fuska. "A karanta Fatiha!"

Aka shafa. Hajji ya juya ga Abu Basil da murya yadda kowa zai ji. "An ba mu. 'Yarmu za ta tafi Turai karatu. Na faɗa a gaban mutanen Amman. Kana da magana?"

Abu Basil ya dubi wayoyin da aka ɗaga ana ɗaukar su. "Abin da ka yanke, Hajji, shi ne."

Aka shigo da kunafa. Nidal ya hau kan kujera yana karɓar gaisuwa, yana cewa ai ƙaramin aiki ne, shi ya karanci matar tun daga yadda ta riƙe biro. Dokta Birgit, da aka cika mata hannu da faranti, ta rasa yadda za ta rama wannan alheri, sai ta juya ta kunna babban allon talabijin da ke bayanta.

Ginin ya fito, da ginshiƙansa farare. Nidal ya ce, "Ga shi nan!" Ɗalibai suka fito da dogayen takalman roba. "Na ƙanƙara!" Sai kyamara ta bi su ta bayan ginin, ta shiga wata doguwar rumfa. Shanu. Jere-jere, baƙaƙe da farare, iya ganin ido. Wata ɗaliba kyakkyawa ta zura safar roba tun daga yatsu har kafaɗa, ta ɗaga wutsiyar wata saniya, ta yi wa kyamara murmushi, hannun ya ɓace gaba ɗaya.

Cokula suka tsaya a iska.

Abu Basil ya ce, "Nidal. Mene ne wannan?"

"Wannan... shekarar farko ce. Da saniya ake farawa, don ita ba ta ɓoye abin da ke ranta. In an ƙware sai a koma kan mutum."

Zuhair ya ce, "Da safar?"

Daidai nan Rahaf ta kutso cikin taron, mahaifiyarta a baya, fuskarta tana sheƙi. Dokta Birgit ta ji ta ce "a gafarce ni" da Turanci, sai ta cafke hannunta kamar wadda ta faɗa rijiya ta samu igiya, ta yi ta zuba mata magana.

Hajji ya ce, "'Yata, kina jin ta? Me take cewa?"

Rahaf ta dubi kawunta. Nidal ya yi mata alama da gira, da baki, da kafaɗa. Ta sunkuyar da kai. "Baba Hajji, ta ce ta yi murna ƙwarai da ganin makiyaya da yawa haka, makarantarsu ta kiwon dabbobi ce da likitancinsu, tun safe babu wanda ya tsaya mata. Sannan tana tambaya..." Ta cije leɓe.

"Faɗi."

"Tana tambaya me ya sa mai baƙar rigar nan yake ta ce mata abinci ya iso, yana tambayar a hawa na nawa take. Ta ce ta gaya masa ba ta yi odar komai ba."

Dariyar da ta tashi har masu gadin otal sai da suka leƙo. Zuhair ya zauna a ƙasa daɓas yana dukan tayil. "Harkar sufuri! Wayyo cikina! Malamai suna saukowa da gudu! Dokta, da miya ko babu miya?"

Nidal ya sauko daga kujerar a hankali. Karon farko tun dawowarsa ya ji rigar fatar ta yi masa zafi.

Abu Basil kuwa ya ga ƙofa ta buɗe masa. Ya matso kusa da Hajji. "To ai shi ke nan, Hajji. Gahawar ta shanu ce, ba ta Rahaf ba. Mu koma gida, ta yi haɗa magungunanta."

Intisar ta ce, "Kafin a koma, a tambaye ta inda ta fito."

Rahaf ta ce, "Na yi ganawar, Baba. Muna cikin yi guɗa ta tashi, matar ta ce me ke faruwa a can? Na ce dangina ne. Ta ce in bayyana mata yadda aka yi maza masu hankali suka cika bas suka bi mutum ɗaya. Na ce babu wanda ya yarda da shi a cikinsu, kowa dai ya ɗauka na kusa da shi ya yarda, kuma babu mai son ya zama na farkon da zai tambaya. Ta yi ta dariya, ta yi rubutu, ta ce sunana yana cikin waɗanda za ta tura don tallafin."

Mazan suka daina dariya, kowa ya shiga duban takalminsa.

Abu Basil ya ce, "Duk da haka..."

Hajji ya ɗaga masa hannu. "Abu Basil, me na faɗa ɗazu? Na ce 'yarmu za ta tafi Turai karatu. Na ambaci saniya? Ka ce abin da na yanke shi ne, mutanen nan sun ɗauka a wayoyinsu. Yarinyar da ta karance mu tas daga ɗaya gefen zaure, a bar ta ta je inda ta zaɓa."

Abu Basil ya dubi 'yarsa ya daɗe, sannan ya ce, "Gidan kwanan na mata zalla ne, kin tabbata?"

"Na tabbata, Baba."

Intisar ta saki guɗar da ta fi ta kowa.

Nidal ya ga hankali ya bar kansa, ya fara sulalewa wajen ƙofa. Ƙugiyar sandar Hajji ta kamo shi ta wuyan riga.

"Tsaya. Saura magana ɗaya. Na sha gahawar baiwar Allahn nan. Ta ba ni gurbi da hannunta biyu, na karɓa, an shafa Fatiha. Ni Mifle ban taɓa karɓar abu a gaban jama'a na watsar ba. Wani daga cikinmu zai je. 'Yata, tambaye ta, suna ɗaukar wanda bai da takarda?"

Rahaf ta tambaya. Dokta Birgit ta amsa da zumuɗi.

"Ta ce akwai horo na masu kula da garke. Ba a buƙatar takarda, ƙarfi kawai. Ana tashi da asuba a kwashe kashin shanu, sannan tatsa. Takalmin roba su suke bayarwa."

Rawuna dai suka juya gaba ɗaya, wuri guda.

Nidal ya ce, "Baba Hajji, ni fa ba ɗan zuri'arku ba ne, suruki ne..."

"Kana cin mansaf ɗinmu kullum, ka zama namu. Ga shi ka san ƙofar, masu gadi sun san ka. In ka dawo ka duba mini tumaki."

A hanyar komawa, bas bai kai Jarash ba Nidal ya farfaɗo. Ya miƙe tsaye a tsakiya yana riƙe da ƙarfe, ya ce duk wanda ya lura zai gane cewa komai a tsare ya yi shi: shi ya tara jama'ar don Rahaf ta samu abin faɗa, shi ya sa Hajji ya ɗaure Abu Basil da bakinsa, kuma komawa Jamus ɗin ma dama can yana cikin shirinsa, garin nan ya yi masa kaɗan.

Zuhair ya daka tsalle daga kujerarsa yana nunawa. "Jama'a, ku dubi hannunsa! Ku dubi inda hannunsa yake!"

Nidal ya yi sauri ya sauke shi daga kan hancinsa.